Aikin sa kai na lafiya a ƙasar waje zai iya mayar da ni ma'aikaciyar jinya?

Wata baiwar Allah ta aiko da wannan tambaya: "Na yi digiri a fannin da bai shafi lafiya ba. Yanzu na samu damar tafiya aikin sa kai wata ƙasa na shekara biyu, a wani shiri na kiwon lafiyar al'umma. Na daɗe ina sha'awar aikin jinya. Shin wannan tafiya za ta kai ni ga zama nas, ko ɓata lokaci zan yi? An ce mini idan na dawo makaranta za ta rage mini shekarun karatu saboda abin da na koyo a can."

Ƙanwata, hanyar tana ɓullewa, kuma mutane da yawa sun bi ta sun zama ma'aikatan jinya na ƙwarai. Sai dai ba ta inda aka nuna miki take ɓullewa ba. Na daɗe ina koyar da ɗaliban jinya, na kuma sha zama cikin masu tantance waɗanda za a ɗauka, don haka bari in fara da abin da ba zai yi miki daɗin ji ba, tunda shi ya fi jawo wa mutane asarar lokaci.

Aikin jinya sana'a ce mai rajista. Kusan kowace ƙasa tana da hukumar da ke riƙe da sunayen waɗanda aka yarda su amsa sunan nas, kuma ba a shiga wannan kundi sai ta makarantar da hukumar ta amince da ita. A Birtaniya karatun shekara uku ne, awa 4,600, rabi a aji, rabi a kan marasa lafiya, a gaban wanda ya riga ya yi rajista, yana sa hannu a kan duk abin da ɗalibi ya nuna ya iya. A Amurka ko kin gama makaranta ba ki zama nas ba sai kin ci NCLEX, wato jarrabawar samun lasisin jinya. Shekara biyun da za ki yi kina wayar da kan mutane, komai albarkarsu, ba sa shiga wannan lissafi kai tsaye, domin ba a kan manhajar makaranta aka yi su ba, kuma babu wanda hukuma ta ɗora wa duba aikinki. A da can ne mutum ke shiga jinya da zuciya kawai. Clara Barton malamar makaranta ce da ta koma aikin ofis, ta shiga kula da sojojin da suka ji rauni a yaƙin basasar Amurka ba tare da ta yi makarantar jinya ba, har ta kafa ƙungiyar Red Cross ta Amurka a 1881. Wancan zamani ya wuce tun da Niyu Zilan ta yi dokar rajistar ma'aikatan jinya a 1901, Birtaniya ta yi tata a 1919, sauran ƙasashe suka biyo baya. Ita kanta Florence Nightingale da ake yawan buga misali da ita, sai da ta je Kaiserswerth a Jamus ta samu horo a 1851, kafin ta jagoranci mata 38 zuwa jinyar sojojin yaƙin Kirimiya a 1854.

Abin da zai iya rage miki shekaru shi ne digirin da ke hannunki. A Amurka akwai digirin jinya na gaggawa ga waɗanda suka riga suka yi digiri a wani fanni, ana gama shi cikin wata 12 zuwa 18, karatu ba hutu. A Birtaniya akwai digiri na biyu na shekara biyu da ke kai mutum ga rajista, kuma a nan ne aikin sa kai yake ɗan taɓa lissafi, domin jami'o'i da dama suna neman shaidar cewa mai nema ya taɓa yin aikin kula da marasa lafiya na wasu sa'o'i. Amma shaida suke nema a rubuce, da sa hannun wanda ya duba ki, ba labarin baki ba. Wasu ƙasashen kuma babu wannan gajeriyar hanya ko kaɗan, kowa daga aji ɗaya yake farawa. Saboda haka kafin ki ɗaure kaya, ki yanke shawarar ƙasar da kike son yin rajista a cikinta, ki karanta ƙa'idar hukumar jinyarta da idonki.

To me tafiyar za ta ba ki, idan ba ta rage shekaru ba?

Za ta nuna miki rabin rayuwar majinyaci da asibiti ba ya nunawa. Ɗalibin da ya taso daga aji ya faɗa ɗakin marasa lafiya yana ganin uwa ta kawo yaro a galabaice, abin da ke fara zuwa bakinsa shi ne, me ya hana ki kawo shi da wuri? Wadda ta zauna shekara biyu a cikin mutane ba ta yin wannan tambaya da faɗa, domin ta san amsar. Ta ga yadda ake kwana ana shawarar ko a tafi ko a jira, ta san nisan hanya da wahalar abin hawa, ta kuma ga wadda ta isa asibitin aka bar ta a kan benci har rana ta faɗi. Tun 1994 masu bincike kan mace-macen mata wurin haihuwa suka kira waɗannan jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa wurin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ɗalibai suna haddace su don jarrabawa. Ke kuwa za ki san su da fuskokin mutane, kuma gani ya kori ji. Ranar da za ki sallami majinyaci, ba za ki miƙa masa takardar magani kawai ki juya ba. Za ki tambaye shi wa zai karanta masa ita, ina zai ajiye maganin da ke son sanyi, wa zai dawo da shi ranar wankin ciwo.

Za ta kuma horar da idonki, kuma jinya yawancinta ido ne. Ayyukan da ake ba ɗan sa kai mara lasisi ba su da kwarjini, amma cike suke da darasi. Za ki auna damtsen yaro da ɗan tef mai launi, ki san cewa tsakanin wata 6 da shekara 5, idan awon ya gaza santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, a tura shi asibiti. Za ki danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa ki ga ko gurbin ya tsaya. Za ki ƙirga numfashi na minti guda cur, ki san cewa 50 ko fiye ga jaririn wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta ciwon limoniya. Za ki koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, ki gane yaron da idonsa ya zurma da wanda fatarsa ba ta komawa idan an tsungule ta. Za ki ga dalilin da ma'aikata ke rawar jiki a kan firjin allurar rigakafi, domin yawancinsu tsakanin digiri 2 da 8 suke rayuwa, zafi yana kashe wasu, daskarewa tana kashe wasu. Duk waɗannan ana koyar da ma'aikatan lafiya na al'umma, kuma idan ƙungiyarki ta horar da ke a kansu, halal ɗinki ne ki yi su. Wanda ya duba yara masu lafiya da yawa yana saurin gane mara lafiya tun daga bakin ƙofa, kuma wannan ba ya samuwa a littafi.

Akwai wani abu da ƙasar waje take ƙarawa wanda gida ba ya bayarwa, wato baƙunta. Za ki zama wadda ba ta jin harshe, ana magana a kanki ba ki san me ake cewa ba, kina gyaɗa kai don kunya alhali ba ki gane ba. Haka majinyaci yake a gadon asibiti, ma'aikata suna tsaye a kansa suna yaren da bai sani ba. Wadda ta ɗanɗana wannan ba ta yarda da gyaɗa kan majinyaci, sai ta ce, maimaita mini yadda za ka sha maganin in ji. In ban da wannan, in faɗa miki gaskiya, yawancin abin da na lissafa a sama ana samunsa ba sai an hau jirgi ba. Kurkunu da aka ƙiyasta yana kama mutum miliyan 3.5 a 1986, yanzu waɗanda ke kamuwa da shi a shekara a duk duniya ba su kai 20 ba a 'yan shekarun nan, kuma babu allura babu magani a wannan yaƙi. Da tace ruwa da sa ido aka yi shi, kuma 'yan sa kai na cikin ƙauyukan ne suka ɗauki nauyin mafi yawan aikin. Duk wanda ke karanta wannan amsa bai da halin tafiya waje, kada ya ɗauka an bar shi a baya.

Yanzu ga wurin da nake son ki buɗe kunne sosai, domin a nan ne tafiyar take zama alheri ko ta zama tabo.

Za ki isa wurin da ma'aikata suka yi ƙaranci. Kin zo daga nesa, kina da digiri, wataƙila an ba ki riga mai tambarin ƙungiya. Ba za a yi mako ba za a fara kiran ki likita. Wata rana layi zai yi tsawo, nas ɗaya tilo ta gaji, ta miƙo miki sirinji ta ce taimaka mini da wannan. Wata rana a ce riƙe nan ki ɗinke, ai ba wuya. Wata rana a tashe ki cikin dare mace tana naƙuda. Zuciyarki za ta ce miki ai gara ni da babu kowa. Wannan magana ta halaka mutane. A Yuganda an yi wata Ba'amurkiya da ba ta da horon likita ko na jinya, ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa, aka zarge ta da yin ayyukan asibiti da hannunta. Yara sama da 100 suka rasu a cibiyar cikin 'yan shekaru, ko da yake da yawansu a mawuyacin hali aka kawo su. Iyaye mata biyu suka kai ƙara, aka sasanta a 2020 da biyan kuɗi ba tare da ta amsa laifi ba. Ba na shakkar cewa da niyyar taimako ta bar gida. Amma yaro mai tamowa mai tsanani zuciyarsa ba ta da ƙarfi, ƙarin ruwa ta jijiya da zai ceci wani yaron shi yana iya kashe shi, kuma kyakkyawar niyya ba ta sanar da mutum wannan. Allura ma da ake rainawa, idan aka soka ta a gurbin da ba daidai ba a ɗuwawu tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa, yaro ya tashi da ɗingishi har abada.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Abin da doka ba za ta bar ki ki yi wa majinyaci a ƙasarku ba, kada ki yi shi a ƙasar wasu don kawai su talakawa ne kuma ba mai tambaya. Ƙungiyoyin kirki da kansu suke hanawa. Peace Corps, hukumar Amurka mai tura 'yan sa kai ƙasashen waje, alal misali, 'yan sa kanta na fannin lafiya aikinsu ilmantarwa da rigakafi ne, ba a ba su damar duba marasa lafiya ko ba da magani ba. Kuma ƙin karɓar sirinji ba yana nufin naɗe hannu ba. Ki ce wa nas ɗin, Sista, ba a horar da ni wannan ba, amma bari in karɓi rajista, in auna nauyi, in tsara layi, in riƙe miki yaron. Kin sauke mata rabin kaya ke nan. Idan gaggawa ce ta faɗo, taimakon farko naki ne: danne wurin da ke zubar da jini, kwantar da wanda ya suma a gefensa, nemo mota, kira wanda ya sani. Shi ya sa nake ba kowa shawarar ya yi kwas ɗin taimakon farko a Red Cross ko makamanciyarta kafin ya tafi.

Ki kuma san yadda wannan yake a idon masu ɗaukar ɗalibai. Mai nema yakan zauna a gabanmu yana alfahari, ya ce na karɓi haihuwa, na yi ɗinki, na sa ruwa, duk ban shiga makaranta ba. Shi a ganinsa ya burge mu. Mu kuwa abin da muka ji shi ne, ga mutumin da bai san iyakarsa ba, wanda gobe zai ba da maganin da bai tabbatar ba don kada a ce bai iya ba. Wadda ta ce an miƙo mini, na ƙi, ga abin da na yi a madadi, ita ce muke rubuta sunanta. Haka batun hoto. Kada ki ɗauki hoton majinyaci ki watsa a Facebook ko Instagram, musamman yara da mata a ɗakin haihuwa. Sirrin majinyaci amana ce a ko'ina yake, kuma abin da aka sa a intanet yana jiran mutum shekaru.

Sai zaɓen ƙungiya. Tsofaffin sanannu ne. VSO, ƙungiyar tura 'yan sa kai ƙasashen waje, ta fara a Birtaniya a 1958, kuma yanzu ta fi neman masu sana'a da gogewa. Peace Corps an kafa ta a 1961 zamanin Shugaba Kennedy, 'yan Amurka kawai take ɗauka, wata uku na horo da shekara biyu na aiki. Japan ta fara tura nata 'yan sa kai a 1965, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa shirinta na 'yan sa kai a 1970, kuma shi yana ɗaukar mutanen ƙasashe daban-daban. Ƙungiyar likitoci ta MSF da aka kafa a Faransa a 1971 ba wurin koyo ba ce, nas mai lasisi take nema wadda ta yi aƙalla shekara biyu tana aiki. Jiragen ruwan asibiti na Mercy Ships, da suka fara a 1978, su ma ƙwararru suke sawa a ɗakin marasa lafiya, amma suna karɓar 'yan sa kai a ayyukan da ba na asibiti ba. A ɗaya gefen kuma akwai kamfanonin da ke karɓar kuɗi su kai matasa asibitin wata ƙasa na mako biyu, suna tallar cewa za ka taɓa marasa lafiya da hannunka. Ra'ayina a kansu ba mai daɗi ba ne. Yawon buɗe ido ne da farar riga, kuma ma'aikatan wurin ne ke barin aikinsu suna rakiyar baƙi. Kafin ki amince da kowace ƙungiya ki tambaye ta wa zai duba aikinki kuma mene ne matsayinsa, wane horo za a ba ki, me aka hana ki yi, mutanen wurin ne suka nemi shirin ko kawo musu aka yi, kuma wa zai ci gaba da aikin bayan kin tafi. Wadda ta kasa faɗa miki abin da aka hana ki yi, ki bar ta. Wanda kuma ya ce ki biya shi kuɗi ya samo miki aikin sa kai da zai rikiɗe ya zama aikin nas da takardar zama, ɗan damfara ne. Bizar sa kai daban, izinin aiki daban, lasisin jinya kuma daban.

Idan kin tafi, ki yi wa makarantar shiri tun kina can. Ki riƙe littafi kina rubuta kwanan wata, aikin da kika yi, sa'o'in da kika ɗauka da sunan wanda ya duba ki, ba tare da sunan majinyaci ba, kuma ki riƙa karɓar sa hannu duk wata. Kada ki bari sai kin dawo ki fara neman takardar shaida, domin ma'aikata suna canza wuri, lambobi suna ɓata. Ki karɓi wasiƙa daga ma'aikacin lafiya mai rajista da ya ga aikinki, a kan takardar hukuma, kafin ki bar ƙasar. Ki koyi harshen mutanen da gaske. Sannan ki duba darussan share fage da makarantu ke nema, irin su ilimin ƙirar jiki da yadda yake aiki, ilimin ƙwayoyin cuta, kimiyyar sinadarai, ƙididdiga da ilimin abinci mai gina jiki. Wanda ya yi digiri a fannin da ba na kimiyya ba yakan buƙaci kusan shekara guda a kan waɗannan kaɗai, kuma nan ne lissafin mutane yake rushewa, sun dawo da ɗokin shiga aji sai a ce musu da saura. Wasu darussan ana yin su ta intanet, amma ki tabbatar makarantar da kike so tana karɓar irinsu, domin wasu sun dage sai an shiga ɗakin gwaji da ƙafa, wasu kuma ba sa karɓar sakamakon da ya daɗe. Ki tambayi ƙungiyarki ko tana da tallafin karatu ga waɗanda suka gama. Peace Corps tana da shirin Coverdell, wanda jami'o'i ke rage wa tsofaffin 'yan sa kai kuɗin makaranta su kuma su yi hidima a unguwannin marasa galihu, kuma makarantar jinya ta Johns Hopkins a Baltimore tana cikin waɗanda suka daɗe suna ɗaukar irin waɗannan ɗalibai.

Akwai gwajin da tafiyar ba za ta yi miki ba, kuma bai kamata ki yaudari kanki ba. Son wayar da kan jama'a a inuwa abu ɗaya ne, aikin ɗakin marasa lafiya wani abu ne. Jinya ita ce tsayuwar dare har asuba, wanke wanda ya ɓata jikinsa ba tare da fuskarki ta nuna masa ƙyama ba, juya tsoho a kai a kai don kada gyambon kwanciya ya kama shi, lissafin magani da ƙarfe uku na dare inda kuskuren ɗigo ɗaya a rubutu ke ninka adadin sau goma, da shirya gawa bayan 'yan uwa sun fita. Na ga waɗanda suka dawo daga sa kai suna son lafiyar al'umma da gaske, amma jikin majinyaci ba nasu ba ne. Waɗannan digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma ya fi dacewa da su, kuma ba abin kunya ba ne. Don ki san naki, ki nemi izinin shugabar ma'aikatan jinya na asibitin da ke kusa da ke ki bi nas ɗaya daga karɓar aiki har miƙa shi, har da na dare, kina kallo kawai, da yardar marasa lafiyar. In kin dawo kuma ki yi 'yan watanni a matsayin mataimakiyar nas ko a gidan kula da tsofaffi. A Amurka mafi ƙarancin horon wannan aiki a dokar tarayya awa 75 ne, ga shi ana biya, kuma sa'o'insa sun fi na sa kai nauyi a takardar neman makaranta.

Wani abu da ke ba irinku wahala a shekarar farko shi ne saukar da kai. Kin saba ke ce mai tsara shiri, shugabannin gari suna sauraron ki. Yanzu ga ki ɗaliba, wadda ta girme ki da aiki amma kika girme ta da shekaru tana gyara miki shimfiɗar gado. Kuma wasu dabarun da kika gani a inda kaya suka yi ƙaranci dole ki ajiye su, ki koyi ƙa'ida tukuna. Ɗalibin da kowace magana tasa ke farawa da "ai mu a can" yana gajiyar da malamai da abokan karatu.

Kada ki manta da lafiyar kanki. Ki kammala allurar ciwon hanta nau'in B kafin tafiya, ki karɓi katin rigakafin shawara idan ƙasar tana nema, ki sha maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro yadda aka rubuta miki, ki kuma tabbatar inshorarki ta haɗa da ɗauko ki idan ciwo ya yi tsanani. Ki san tun ranar farko inda ake samun maganin kariya daga ƙanjamau idan allura ta soke ki, domin cikin awa 72 ake fara shi, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016 a Gini, Laberiya da Saliyo ta kashe mutum sama da 11,000, cikinsu har da ma'aikatan lafiya fiye da 500, mutanen da suka fi ki horo nesa ba kusa ba. Inda annoba ta ɓarke ba wurin ɗan koyo ba ne.

Idan burinki ki koma irin wannan aiki da cikakken hannu, jerin a bayyane yake: makaranta, lasisi, shekara biyu ko fiye a asibiti mai yawan aiki, musamman ɗakin yara, na haihuwa ko na gaggawa, sannan ƙarin horo irin difloma a jinyar cututtukan ƙasashe masu zafi da ake yi a Landan da Liverpool. Ko a lokacin sai kin yi rajista da hukumar jinya ta ƙasar da za ki yi aiki, domin lasisi ba ya tsallake iyaka da kansa, kuma wasu ƙasashen za su nemi jarrabawar harshe irin IELTS ko OET. Batun samun aiki kuwa kada ya dame ki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna ma'aikatan jinya kusan miliyan 28 ne a duniya, ana kuma da giɓin miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma ɗaya cikin takwas yana aiki ne a ƙasar da ba a can aka haife shi ko ya yi karatu ba.

Game da ko ki tafi ko kada ki tafi, ga yadda nake gani. Da a ce kin riga kin tabbatar da jinya kike so, kin taɓa aikin ɗakin marasa lafiya, kuma ga gurbin karatu a hannu, da na ce ki shiga makaranta yanzu, ki je wa mutanen can daga baya da lasisi, lokacin da za ki fi yi musu amfani. Amma daga yadda kika rubuto, sha'awa ce da ba a gwada ba tukuna, kuma ba ki yi darussan share fage ba. A wannan hali shekara biyun ba asara ba ne, muddin ƙungiyar ta amsa tambayoyin da na lissafa miki. Kafin ki sa hannu a takardarsu, ki rubuta wa makarantun jinya biyu ko uku da kike hari, ki aika musu sakamakon digirinki, ki tambaye su darussan da suka rage miki da irin shaidar aikin da suke karɓa, ki ajiye amsarsu a rubuce. Da ita za ki san wane darasi za ki fara tun kina can, da irin sa hannun da za ki riƙa karɓa a littafinki.